Tsutsa Tana Sabawa da Magani? Gardamar Lamak da Darwin a Gonar Wake

A ƙarshen damina, lokacin da wake ya fara fure, shagunan masu sayar da maganin feshi a kasuwar Samaru ba sa rabuwa da jama'a. A ɗaya daga cikinsu na tarar da wani dattijo daga wajen Bomo, ya dangwarar da tsohuwar kwalba a kan tebur yana ƙorafi. "Yaro, maganin nan naku ya daina ci. Da can feshi biyu ya ishe ni. Bana sau huɗu na yi, tsutsa na nan tana cin karenta ba babbaka." Mai shagon ko a jikinsa. "Baba, ai sabawa suka yi. Jikinsu ya riga ya saba, 'ya'yansu ma a haka suke fitowa. Ka riƙa zuba murfi biyu maimakon ɗaya."

Babu wanda ya musa masa, domin haka dukkanmu muke faɗa. Sauro ya saba da maganin sauro, kuɗin cizo ya saba da fiya-fiya, zazzaɓi ya saba da allura. Amma a cikin 'yar kalmar nan "sabawa" akwai da'awa mai nauyi: wai abin da jiki ya koya a rayuwarsa yana shiga jini, ya wuce ga 'ya'ya. Masana ilimin halittu sun shafe sama da shekara ɗari suna ja-in-ja a kan wannan da'awa, kuma amsar da suka samu ba ta goyi bayan mai shagon ba.

Wani ɓangare na rikicin daga bakinmu yake. Kalma ɗaya muke da ita, gado, muna ɗora mata kaya uku. Akwai gadon gona da gida, wanda alƙali yake rabawa. Akwai gadon sana'a, irin na gidajen maƙera da majema da wanzamai da maɗinkan babbar riga a cikin birni. Akwai kuma gadon jini: wushirya, tsawo, hasken fata, furfurar wuri. Idan aka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, karin maganar bai gaya mana ko gudun ɗan a jininsa yake ba, ko kuwa bin uwar da yake yi ne ya koya masa.

Mutumin da sunansa ya manne wa ra'ayin "sabawa" Bafaranshe ne, Lamak, wanda ya rayu daga 1744 zuwa 1829. A littafin da ya fitar a 1809 ya kawo ƙa'idoji biyu. Gaɓar da dabba take yawan aiki da ita tana ƙarfi ta girma, wadda aka bari tana kankancewa. Sannan abin da iyaye suka samu ta wannan hanya, 'ya'ya za su gaje shi. Misalin da ya fi shahara shi ne raƙumin dawa, irin waɗanda ragowarsu a Afirka ta Yamma suke yawo a dajin Kure kusa da Yamai. Kakanninsa, in ji Lamak, sun yi ta miƙa wuya don cin ganyen sama, kowane zamani ya ƙara ɗan tsawo ya bar wa na bayansa. Ba shi ya ƙirƙiro tunanin ba, tun likitocin Girka na dā ana faɗarsa. Kuma a yi masa adalci: ƙa'idarsa ta farko gaskiya ce, duk wanda ya ga damtsen maƙeri ko kantar hannun manomi ya san haka. A ta biyun ne gizo yake saƙa.

Na san da an ambaci wannan fanni wasu za su gyara zama, su ce ga masu cewa mutum daga biri ya fito sun zo. Wannan gardama ce daban, ba ita ta kawo ni ba. Abin da ke gabana shi ne abin da ake gani a gona da asibiti, wanda za a iya ƙirgawa.

A ƙarshen shekarun 1880 wani Bajamushe, Waisman, ya ɗauki ɓeraye 68 ya guntule musu wutsiya, ya bar su suka hayayyafa, ya guntule ta 'ya'yan, haka har zuriya biyar. An haifi 'ya'ya 901, babu ko ɗaya da ya zo da guntuwar wutsiya. Ni dai duk lokacin da na karanta wannan sai in ce da ya zo Zariya da ya huta da wahalar ɓeraye, domin wanzamanmu sun daɗe suna wannan gwaji. Ɗaruruwan shekaru ana yi wa yara maza kaciya, ana cire beli, ana huda kunnen 'ya mace, ana tsaga fuska da askar gida. Uba da zane, kaka da zane, kakan kaka da zane, amma jariri ya faɗo da kumatu sumul, sai an sake kiran wanzami ranar suna. Da jiki yana aika wa zuriya labarin abin da ya same shi, da tuni wanzanci ya mutu.

Masu kare Lamak suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suka ce yanka da tsaga abu ne da aka yi wa jiki daga waje, shi kuwa Lamak maganar ƙoƙarin da dabba take yi da kanta yake yi. To, mu ɗauki ƙoƙarin. Alaramma ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, mahaifinsa ma haka, kakansa ma haka. Ɗansa fa? Daga babbaƙu zai fara, kamar ɗan kowa. Idan ya riga tsaransa sauka, a duba gidan da ya tashi, inda karatu yake shiga kunnensa tun yana goye. Wannan gadon tarbiyya ne, kuma shi kam yana tafiya daidai yadda Lamak ya siffanta: abin da uba ya samu da guminsa yana miƙa wa ɗa. Sai dai ta baki da kunne yake bi, ba ta mahaifa ba.

Waisman bai tsaya a wutsiya ba, ya kawo dalili. Ƙwayoyin da ake samun ɗa daga gare su, wato maniyyi da ƙwan mace, layinsu daban yake da na sauran jiki. Saƙo yana fita daga gare su ya gina jiki, amma jiki ba shi da hanyar mayar da saƙo ya gyara su. Kamar tambarin hatimi ne da takarda: ka yayyaga takardar ko ka ƙawata ta, hatimin bai sani ba.

To in ba sabawa ba ce, me ke sauya halittu? Domin sauyin kam ana ganinsa. A nan Darwin ya shigo, Baturen Ingila da aka haifa a 1809, shekarar da littafin Lamak ya fito. Shi da wani ɗan ƙasarsu, Walas, kowa ya kai ga amsar ta hanyarsa, aka karanta bayanansu tare a Landan a 1858, littafin Darwin ya biyo baya a 1859. Abin da ya burge ni shi ne inda ya fara: ba da daji ba, da masu kiwon tantabaru da manoma. Duk manomin da ya taɓa ware zangarniyar dawa mafi cika ya ajiye ta don iri ya riga ya san rabin maganar. Bai koya wa dawa cika ba. Ya tarar da bambanci a gonarsa, ya zaɓi wadda za ta haihu. Aikin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take yi ke nan tun da aka kafa tasharta a 1922, ta fitar da irin wake da dawa da masara da gyaɗa da auduga. Haka ma cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar da kazar ShikaBrown. Babu wanda ya zaunar da kaji ya horar da su yawan ƙwai.

Darwin ya ce ko babu manomi, yanayi yana wannan zaɓin. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai. Ana haifar fiye da waɗanda abinci da wuri za su iya riƙewa. Wanda bambancinsa ya dace da halin da ake ciki ya fi tsira, ya fi barin baya, kuma bambancin ya bi 'ya'yansa. Tankaɗe da rairaya ke nan. Rariya ba ta ƙera gari, tana raba abin da aka zuba mata ne kawai. A wannan karatun, raƙuman dawa ba su miƙe wuyansu ya ƙaru ba. A cikinsu akwai masu ɗan fin tsawo tun haihuwa, su suka fi barin zuriya, aka yi ta maimaitawa. Har yau ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa bakwai ne, daidai da naka, kowanne ne dai ya yi tsawo.

Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne Darwin kansa bai saki Lamak gaba ɗaya ba. Bai san yadda gado yake aiki ba, don haka a 1868 ya kawo hasashen cewa kowace gaɓa tana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da suke taruwa a wurin haihuwa. Ɗan uwansa Galton ya gwada, ya yi ta ƙara wa zomaye jinin wasu zomaye masu wani launi, 'ya'yan suka fito da launin iyayensu. Amsar tana kwance a rubutun wani limamin coci, Mendel, wanda ya wallafa gwajinsa a kan wani irin wake a 1866, ba wanda ya kula sai a 1900. A 1953 aka gano siffar DNA, igiyar da rubutun gadon yake a kanta. Daga nan aka fahimci inda bambancin yake fitowa: duk lokacin da ake kwafar rubutun akan sami tuntuɓen alƙalami nan da can. Yawanci ba ya komai, wani ya cutar, wani kuma jefi-jefi ya zama alheri. Kuma tuntuɓen ba ya tambayar abin da dabba take bukata.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce zuciyar gardamar, kuma an gwada ta da gwajin da ya dace da shagon Samaru. A 1943, a Amurka, wasu masana biyu, Luriya da Delburuk, suka raini bakteriya a kwalabe masu yawa, kowace daban, sannan suka zuba su a kan faranti mai ɗauke da bairos ɗin da ke kashe su. Kullum akan sami 'yan tsiraru da suka tsira. Tambayar ita ce yaushe suka sami kariyar? Idan haɗuwa da makashin ce take sa wasu su saba, to kowace kwalba za ta ba da adadi kusan ɗaya, tunda duk lokaci guda suka gamu da shi. Idan kuwa tuntuɓen ya riga ya faru tun ana raino, to kwalbar da ya faru a cikinta da wuri za ta cika da jikokin mai kariya, wadda ya zo mata a makare ta sami kaɗan, wata ta tashi a tutar babu. Abin da suka gani ke nan: kwalabe da yawa fayau, wasu 'yan kaɗan da ɗaruruwa. A 1952 wasu ma'aurata masana, Ledabag da matarsa, suka ƙarasa zancen da ƙyallen karammiski, suna dangwalo bakteriya daga faranti zuwa faranti, har suka ware masu kariya waɗanda ba su taɓa haɗuwa da makashin ba.

Saboda haka tsutsar gonar Baba ba ta koyi komai ba. Tun kafin ya fara feshi, a cikin dubbai akwai 'yan ƙalilan da maganin ba ya kayarwa. Ya kashe sauran, ya share musu fili, suka hayayyafa cikin 'yan makonni. Bayan damina kaɗan gonar ta zama tasu. Haka ta faru da kulorokwin, wanda ya yi shekaru yana maganin zazzaɓin cizon sauro kafin ƙwayar cutar mai jure masa ta bazu, har Najeriya ta sauya magani a 2005. (Ban manta da jabu ba. Wani lokaci ba tsutsar ce ta yi tauri ba, ruwan kwalbar ne ba magani ba.)

Misalin da ya fi kusa da mu kuwa a jikinmu yake: sikila, amosanin jini. Harafi ɗaya ne tak ya sauya a cikin rubutun da ya kai harafi biliyan uku, ya canja sinadarin jan jini. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba, wato SS, shi ke fama da ciwon da duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibitin koyarwa na Shika ya san zafinsa. Da hankalin Lamak za a ce kakanninmu sun sha zazzaɓi har jininsu ya lanƙwashe don kare kansa. Ba haka aka yi ba. Sauyin ya zo ne ba da nufin komai ba, sai ya tarar da sauro. A 1954 wani likita, Alison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji sauyin daga ɗaya cikin iyayensu kawai, sun fi tsira daga zazzaɓin, binciken baya kuma ya nuna kariyar daga mai tsananinsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100.

An ƙirga wannan a ƙasar Hausa. A aikin binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, wadda yau take jihar Jigawa, a shekarun 1970, Farfesa Filemin na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen ƙauyukan. A cikin jarirai kimanin kashi 24 cikin 100 ne masu AS. A cikin waɗanda suka haura shekara biyar, kashi 29. Ba wanda jininsa ya sauya a tsakani. Yara masu AA, waɗanda ba su gaji sauyin ba sam, su ne suka fi mutuwa da zazzaɓi, sai kason masu AS ya ɗaga. Masu SS kuwa kusan kashi 2 ne a jarirai, amma da ƙyar ake samunsu a cikin manya. Rariyar ke nan ana kallonta tana aiki, kuma ba ta da tausayi ko dabara: ta kare wasu da farashin 'yan uwansu. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, kuma cikin da ya gabata ba ya rage wa na gaba komai. Babu abincin da iyaye za su ci ko tsimin da za su sha ya canja lissafin. Ko wanda aka warkar da dashen ɓargo, ko da sabon maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, jininsa ne ya gyaru. 'Ya'yansa za su gaji S ɗin nan daram, kamar yadda Waisman zai yi hasashe.

Haka labarin madara yake. Yawancin mutanen duniya suna daina narkar da sukarin ɗanyar madara bayan yaye, amma Fulani makiyaya da yawa suna ci gaba har tsufa. Ba yawan sha ne ya horar da hanjin zuriya ba. A cikin masu shanu, wanda ya zo da sauyin da ke barin sinadarin narkarwar a kunne ya fi samun abinci a shekarar wuya.

Kada a ɗauka gardamar ta tsaya a ɗakin gwaji. A Tarayyar Sobiyet wani masanin noma, Lisenko, ya ce za a iya horar da alkama da sanyi da laima, zuriyarta ta gaji horon. Maganar ta yi wa shugaban ƙasar, Sitalin, daɗi. A 1948 aka haramta koyar da ilimin Mendel a ƙasar. Babilof, masanin tsirrai da ya saɓa wa Lisenko, wanda ya zaga duniya har Habasha yana tara iri, ya mutu a kurkuku a 1943. Sai a 1965 aka sauke Lisenko, bayan an yi asarar shekaru.

Yanzu kuma ana ta yaɗa cewa kimiyya ta dawo ta wanke Lamak, saboda wani fanni da ake kira efijenetik. Akwai ƙamshin gaskiya, amma an cika masa gishiri. Ɗan makarantar allo zai gane shi da sauri. DNA ita ce babbaƙu. A kanta akwai wasu alamomin sinadari, kamar wasulla, da suke nuna inda za a karanta da inda za a yi shiru. Babbaƙun ba su sauya ba, amma karatun ya sauya, kuma yunwa da hayaƙi da damuwa suna iya taɓa wasullan. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 an yi yunwa mai tsanani a Holan saboda yaƙi. Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin suna ɗauke da bambanci a waɗannan alamomi bayan shekara sittin. Amma a lura, yunwar ta same su da kansu ne suna ciki. Ba saƙo aka aiko musu ba, suna wurin. Jaririya mace ma tana cikin uwa take samar da ƙwayayenta, don haka yunwa ɗaya tana iya taɓa zuriya uku a lokaci guda ba tare da an gaji komai ba. A jikin mutum da sauran masu shayarwa ana wanke allon sau biyu, lokacin da ake samar da ƙwayoyin haihuwa da kuma bayan shigar ciki, kaɗan ne suke tsallakewa. A tsirrai da wasu tsutsotsi alamomin sukan daɗe. Bakteriya ma, kamar yadda aka nuna a 2007 a jikin wadda ake haɗa yogot da ita, tana iya yanko guntun rubutun bairos ɗin da ya kawo mata hari ta adana, 'ya'yanta su gada. Wannan kam Lamak zai yi murna da shi. Sai dai ita ƙwaya ɗaya ce, jikinta shi ne irinta, kuma ita kanta dabarar tankaɗe ne ya tabbatar da ita. A ganina darasin efijenetik a wurinmu shi ne a ciyar da mai ciki, ba a sake rubuta labarin raƙumin dawa ba.

Mu koma shago. Murfi biyu zai iya kashe ƙarin tsutsa bana, amma matse idon rariya ne: waɗanda za su tsallake su ne mafi tauri, su ne iyayen na baɗi. Zai kuma kashe gizo-gizo da zanzaro da suke cin tsutsar kyauta, ya ƙara kuɗi, ya bar saura a abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Rage awo don tsimi ma ɓarna ce, domin yana barin masu rabin kariya su rayu. Abin da malaman gona suke ba da shawara shi ne a zuba awon da aka rubuta, a yi feshi idan an ga bukata, a kuma riƙa sauya magani zuwa wanda yake kashewa ta wata hanya daban. Ko waken SAMPEA 20-T da Samaru ta fitar a 2019, mai kashe tsutsar da ke huda kwanson wake da kansa, bai fita daga wannan ƙa'ida ba.

Matsalar ita ce sauya kwalba ba sauya magani ba ne. Na juya kwalbar da Baba ya kawo, na juya wadda yaron ya miƙo masa a matsayin sabuwa. Sunayen daban, launin daban, hoton daban. A ƙananan rubutun ƙasa, ɗaya saifametirin ce, ɗaya lamda-saihalotirin, 'yan gida ɗaya, wuri ɗaya suke bugu a jijiyar ƙwaro. Na nuna masa. Ya karɓa ya ƙura wa rubutun ido, ya ce da yaron, "To ɗauko min wanda ba danginsu ba." Sai da yaron ya sauke kwalabe shida kafin ya samu.